Ƙaura da Taskar Hotuna Zuwa Sabuwar Babbar Manhaja: Abin da Ke Tafiya da Abin da Ke Salwanta

Tsakure

Manazarta Hausa da dama suna riƙe da dubban hotuna a kwamfutocinsu, kama daga shafukan rubuce-rubucen ajami da takardun gidajen adana tarihi zuwa hotunan bukukuwa da sana'o'i da aka ɗauko a fagen bincike. Darajar waɗannan hotuna ta rataya ne a kan bayanan da ke rakiyarsu, wato mene ne a ciki, a ina aka ɗauka, yaushe, kuma da izinin wa. Wannan maƙala ta bayyana wuraren da irin waɗannan bayanai suke zama, da dalilan da ke sa su salwanta idan aka koma daga wata babbar manhaja zuwa wata, kamar daga Windows zuwa Linux ko macOS. Ta kuma duba matsalar da ta keɓanta da rubutun Hausa, sannan ta jero matakan ƙaura. Matsayar maƙalar ita ce, duk bayanin da ke zaune a rumbun wata manhaja kaɗai ba ya bin hoto, sai an fitar da shi an rubuta shi a jikin hoton ko a gefensa tun kafin a tashi.

Fitilun Kalmomi: taskar hotuna, bayanan rakiya, babbar manhaja, ajami, adana bayanai

1.0 Gabatarwa

A ranar 14 ga Oktoba, 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba bai wa Windows 10. Kwamfutoci da yawa da suke aiki lafiya ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba, musamman sharaɗin guntun tsaro na TPM 2.0. Wannan ya sa masu su tsakanin sayen sabuwa, ko ɗora wata babbar manhajar kamar Linux, ko ci gaba da zama a kan tsohuwar. Duk wanda ya zaɓi tashi, dole ya kwashe kayansa, kuma a wurin manazarci babu kayan da suka kai hotunan bincike wuyar mayewa.

Kwashe hotunan ba shi ne abin tsoro ba. Mutum yakan kwafe su a faifai, ya zuba a sabuwar kwamfuta, ya ƙirga ya ga adadi ya cika, hankalinsa ya kwanta. Sai bayan watanni, ranar da ya zo neman wani shafi domin kafa hujja, zai tarar sunan mai littafin da garin da aka samo shi da lambar shafin duk babu su. Hoton yana nan, amma ya zama shaidar da ba a san asalinta ba. Komawa fage kuwa ba kullum take yiwuwa ba: mai yiwuwa dattijon da ya ba da izini ya rasu, ko magada sun raba littattafan, ko gara da damina sun riga manazarci isa.

2.0 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Babbar manhaja ita ce wadda take tafiyar da kwamfuta gaba ɗaya, sauran manhajoji kuma suke aiki a kanta, irin su Windows da macOS da Linux. Taskar hotuna na nufin tarin fayilolin hoto haɗe da tsarin da wata manhaja ta yi musu. Bayanan rakiya kuwa su ne duk wani bayani game da hoto wanda ba shi ne surar da ido ke gani ba. Wasu na'urar ɗaukar hoto ce take rubuta su da kanta, kamar lokaci da nau'in kyamara. Wasu kuma mutum ne yake shigar da su da hannunsa, kamar take da sharhi da laƙabobin bincike. Kashi na biyu shi ne guminsa, shi ne kuma ya fi saurin ɓacewa.

3.0 Mazaunan Bayanan Rakiya

Wanda ya saba da littattafan zaure zai fahimci lamarin cikin sauƙi. Bayani game da littafi yakan kasance a ɗaya daga wurare uku: a rubuce a hashiyar littafin, ko a wata 'yar takarda da aka cusa a gafaka tare da shi, ko kuma a kan malamin da yake ajiye da shi. Idan littafin ya canja hannu, na hashiya yana tafiya tare da shi, na 'yar takarda yana tafiya muddin ba ta faɗi ba, na kan malam kuwa yana nan inda malam yake. Haka abin yake ga hoto.

3.1 Bayanan da Ke Jikin Fayil

Ma'aunai uku ne suka shahara a nan. Na farko shi ne Exif, wanda masana'antun Japan suka fitar a 1995. Shi kyamara da waya suke amfani da shi wajen rubuta lokacin ɗauka da saitin na'ura da wurin da aka tsaya idan an kunna GPS. Na biyu shi ne tsohon ma'aunin IPTC na farkon shekarun 1990, wanda aka tsara domin kafafen yaɗa labarai su riƙa aika hoto da takensa da sunan mai ɗauka. Yana da iyakoki: sharhi ba ya wuce bayit 2,000, laƙabi guda kuma ba ya wuce bayit 64. Na uku shi ne XMP, wanda kamfanin Adobe ya gabatar a 2001, ya kuma zama ma'aunin duniya na ISO 16684-1 a 2012. XMP ba shi da waɗancan iyakoki, kuma an gina shi a kan Unicode, saboda haka shi ya fi dacewa da rubutun Hausa, na boko da na ajami. Duk abin da aka rubuta a jikin fayil ɗin JPEG ko TIFF ta waɗannan hanyoyi yana bin hoton duk inda aka kwafe shi.

3.2 Bayanan da Ke Fayil Maƙwabci

Ɗanyen hoton da manyan kyamarori suke fitarwa, irin su CR2 na Canon da NEF na Nikon, ba a cika son a taɓa jikinsa ba. Saboda haka manhajoji sukan rubuta bayanansa a wani ƙaramin fayil mai ƙarewa da .xmp, su ajiye shi a folda ɗaya da hoton. Suna ne kaɗai yake haɗa su. Idan aka sauya sunan hoto ba a sauya na maƙwabcinsa ba, an raba su ke nan. Akwai kuma saɓani a tsarin sunan: ga hoto mai suna IMG_0001.CR2, Lightroom yakan rubuta IMG_0001.xmp, alhali darktable da digiKam sun saba da IMG_0001.CR2.xmp. Wannan ɗan bambanci ya isa ya sa sabuwar manhaja ta nuna hoto babu bayani ko ɗaya, ga shi kuwa bayanin yana gefensa.

3.3 Bayanan da Ke Rumbun Manhaja

Nan ne mafi yawan asara take aukuwa. Lightroom Classic yana ajiye aikin mai shi a kundinsa mai ƙarewa da .lrcat, kuma ba ya rubuta shi a jikin hotuna sai an umarce shi ko an kunna masa hakan. Manhajar tana aiki a Windows da macOS, amma ba ta da sigar Linux. Photos na Apple yana tattare komai a ƙunshi guda wanda shi kaɗai yake buɗe shi yadda ya kamata. Picasa yakan rubuta take da laƙabi a jikin JPEG, amma taurari da albam da sunayen fuskoki yakan bar su a rumbunsa da ɓoyayyun fayilolin .picasa.ini, sai fa in an zaɓi a saka sunayen a jikin hoto. Hatta Tropy, wadda aka fitar a 2017 musamman domin masu bincike a gidajen adana tarihi, tana ajiye sharhi da kwafen matani a fayil ɗin aikinta ne, ba a jikin hotuna ba, ko da yake tana aiki a manyan manhajojin uku kuma tana fitar da bayananta a tsarin JSON-LD.

Tarihi ya nuna manhaja ba ta dawwama. Apple ya sanar da daina raya Aperture a 2014, kuma ba ta aiki a sigogin macOS da suka biyo bayan Mojave. Google ya janye tallafin Picasa a Maris 2016. Microsoft ya yi haka ga Photo Gallery a Janairun 2017. Ke nan ko mutum bai yi niyyar ƙaura ba, wata rana za a tashe shi.

4.0 Wuraren da Ake Tuntuɓe

4.1 Adireshi da Sunayen Fayiloli

Rumbun manhaja ba ya ɗauke da hotuna a mafi yawan lokuta, adireshinsu yake riƙewa. Adireshin Windows yana farawa da harafin faifai, kamar C: ko D:, na Linux yana farawa da /home, na macOS kuma da /Users. Da zarar adireshi ya sauya, rumbu zai ce hotunan sun ɓata har sai an nuna masa sabon mazauninsu. Wannan yana da sauƙi idan duk taskar tana ƙarƙashin uwar folda guda, yana kuma da wahala idan tana warwatse.

Bugu da ƙari, Linux yana bambanta babban baƙi da ƙarami a sunan fayil, ta yadda Kano.jpg da kano.jpg fayiloli biyu ne, alhali Windows da macOS a saitinsu na asali suna ɗaukar su abu guda. Mai komawa Windows daga Linux yana iya tarar da ɗaya ya danne ɗaya. Windows kuma ba ya karɓar wasu alamomi a suna, ciki har da ruwa biyu da alamar tambaya, sannan tsofaffin manhajojinsa sukan gaza idan adireshi ya wuce haruffa 260.

4.2 Kwanan Wata da Jerin Shafuka

Kowane hoto yana da kwanan wata iri biyu: wanda Exif ya rubuta lokacin ɗauka, da wanda faifai yake riƙewa na ranar da aka ƙirƙiri fayil ko aka taɓa shi. Na farko yana jikin hoto, na biyu kuwa yana iya sauyawa wajen kwafa. A Windows fayil ɗin da aka kwafa yakan sami sabuwar ranar ƙirƙira, a Linux kuma umarnin kwafa na yau da kullum yakan sauya ranar gyara idan ba a ce ya kiyaye ta ba.

Wannan ya shafi masu nazarin ajami kai tsaye. Rubuce-rubucen hannu na Afirka ta Yamma galibi warƙoƙi ne da ba a ɗinke ba, sau da yawa kuma babu lambar shafi, sai kalmar da marubuci yakan sa a ƙasan shafi domin nuna farkon na gaba. A ƙaddara manazarci ya ɗauki waƙa mai warƙa 40, wato hoto 80, ya kuma dogara da jerin da kwamfuta take nuna masa bisa ranar fayil. Idan ranakun suka zama ɗaya bayan ƙaura, sunayen kuma ba su da tsari, sai ya koma yana bin kalmomin ƙasan shafi ɗaya bayan ɗaya kamar wanda iska ta watsa wa littafi. Abin ya fi muni ga hotunan da suka biyo ta WhatsApp a matsayin hoto, domin manhajar takan rage girmansu ta kuma goge musu Exif. Turawa a matsayin fayil ita take barin su yadda suke.

Akwai kuma batun sa'a. Exif bai tanadi gurbin bambancin lokacin ƙasashe ba sai a sigar 2.31 ta 2016, saboda haka tsofaffin hotuna suna ɗauke da agogon kyamara ne kawai, daidai ko kuskure. Ya kamata kuma a tuna cewa ranar Exif ranar ɗaukar hoto ce. Shekarar da aka rubuta littafin, ta Hijira ko ta Miladiyya, tana buƙatar gurbinta dabam.

4.3 Haruffan Hausa

Shekaru da yawa guraben rubutu na Exif sun dogara da ASCII, mai alamomi 128, wanda babu ɓ da ɗ da ƙ da ƴ a cikinsa. Sai a sigar 3.0 ta 2023 aka shigar da UTF-8 a hukumance. Tsohon IPTC kuwa yana buƙatar a ayyana tsarin haruffan da aka yi amfani da shi. Idan ba a ayyana ba, wata manhajar takan karanta rubutun da tsarin Yammacin Turai, sai "ƙasa" ta koma "Æ™asa", "ɗaki" ya koma "É—aki". Haka kuma kowane baƙi mai ƙugiya yana cin bayit biyu a UTF-8, haruffan Larabci na asali ma haka. Laƙabin ajami a tsohon IPTC ba zai wuce haruffa 32 ba ke nan, wasulla kuma suna cikin lissafi, abin da ya haura sai a datse shi.

Matsala ta biyu gado ce daga zamanin da ake buga Hausa da keɓantattun haruffan kwamfuta, inda ake danna q a ga ƙ, x a ga ɗ, v a ga ɓ, ko a yi amfani da alamomi irin su } da ] da ~. Abin da kwamfuta ta adana shi ne q ko }, ƙugiyar kuwa riga ce kawai. A sabuwar kwamfutar da ba ta da waɗannan haruffa, rigar takan tuɓe. Irin wannan rubutu yana buƙatar a mayar da shi Unicode, da lura, domin kada musanyar ta lalata kalmomin wasu harsuna da ke cikin sharhin.

Ta uku ita ce rashin daidaito. Wanda ya rubuta 'yan a wani hoto, ƴan a wani, ya ƙirƙiri laƙabi biyu a idon kwamfuta. Ita kanta alamar ɗauri tana da siffofi fiye da ɗaya a Unicode. Masu nazarin harshe da suke sa alamar karin sauti a sunan fayil suna da ƙarin damuwa, domin harafi irin à ana iya adana shi a dunƙule ko a rabe, kuma tsohon tsarin faifan Apple, HFS+, a rabe yake adanawa. Sunaye biyu sai su yi kama a ido, su saɓa a lissafi. Baƙaƙe masu ƙugiya ba sa rabuwa haka, amma duk da haka ya fi aminci a bar sunan fayil da haruffa marasa ado da lambobi, a kai cikakkiyar Hausa cikin XMP.

4.4 Abin da Ba Ya Ƙaura

Wasu abubuwa ba sa tafiya ko an bi ƙa'ida. Tarin da aka haɗa a Lightroom da kwafe-kwafensa na cikin kundi ba sa shiga XMP. Gyaran haske da launi yana shiga, amma wata manhajar ba za ta fassara shi daidai ba, saboda kowace da nata lissafin. Laƙabobi masu rassa, kamar Adabi, ƙarƙashinsa Waƙa, ƙarƙashinta Wa'azi, kowace manhaja da gurbin da take rubuta su, kuma suna iya isa a baje babu rassan. Alamomin launi na Finder a macOS kuwa a tsarin faifai suke, ba a jikin hoto ba. Maganin waɗannan shi ne a sauya musu siffa: kowane albam a mayar da shi laƙabi, kowane hoton da gyaransa yake da muhimmanci a fitar da kwafinsa a TIFF a ajiye kusa da na asali.

5.0 Matakan Ƙaura

Mataki na farko shi ne ajiya kafin a taɓa komai. Ƙa'idar 3-2-1, wadda mai ɗaukar hoto Peter Krogh ya yayata, ta ce a mallaki kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya kuma a wani wuri dabam. A haɗa da rumbun tsohuwar manhaja a cikin ajiyar.

Na biyu, a tsabtace taskar tun tana tsohon gida: a tattara ta ƙarƙashin uwar folda guda, a daidaita laƙabobi, a gyara haruffa. A sauya sunaye daga cikin manhajar, ba daga waje ba, da tsarin da yake jera kansa, kamar 2019-03-12_KN_ms004_012a, wato rana da wuri da lambar littafi da warƙa da fuskarta.

Na uku, a umarci manhajar ta rubuta bayananta a fayiloli. A Lightroom Classic ana zaɓar hotuna a danna Ctrl da S. A Photos na Apple ana fitar da hotunan asali tare da zaɓin rubuta bayanan IPTC a fayil ɗin XMP. Wanda ya sauke hotunansa daga Google Photos ta Takeout zai same su da fayilolin JSON a gefe, waɗanda sai an mayar da abin da ke cikinsu jikin hotunan.

Na huɗu, a duba da wata manhajar da ba ita ta rubuta ba. ExifTool, wadda Phil Harvey ya fara fitarwa a 2003, kyauta ce, tana aiki a manyan manhajojin uku, tana kuma iya zuba bayanan taska gaba ɗaya a jadawalin CSV. Wannan jadawali shi kansa ajiya ne da za a iya karantawa ko babu wata manhajar hotuna. Shirin ceto kundayen da ke cikin haɗari na Laburaren Birtaniya, wanda aka fara a 2004, shi ma yana neman hotunan TIFF ne haɗe da jadawalin bayani.

Na biyar, a zaɓi faifan dako da lura. macOS yana karanta NTFS amma ba ya rubutu a kansa da kansa, Windows kuma ba ya karanta APFS ko ext4 sai da taimako. FAT32 ba ya ɗaukar fayil ɗin da ya kai gigabayit 4. exFAT ne duka ukun suke fahimta, sai dai ba shi da rijistar da ke taimakawa wajen farfaɗowa idan aiki ya yanke. A inda wutar lantarki ba ta da tabbas, kada a fara kwafa sai batir ya cika, kuma a yi amfani da rsync ko robocopy, waɗanda suke iya ci gaba daga inda aka tsaya.

Na shida, a tabbatar da abin da ya isa. Ƙirga fayiloli bai wadatar ba. Ana lissafa wa kowane fayil hatimin SHA-256 kafin tashi da bayan isa, idan bayit ɗaya ya sauya hatimin zai saɓa. Daga nan a gwada sabuwar manhaja, misali digiKam, da hotuna kaɗan da aka zaɓo da gangan: mai ƙugiya, mai ajami, ɗanye mai maƙwabci, da mai laƙabi mai rassa. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Tsohuwar kwamfuta kuma kada a goge ta sai an yi watanni ana aiki da sabuwar.

6.0 Batun Amana

Rubuta komai a jikin hoto yana da nasa haɗarin. Hoton da aka ɗauka da waya a zauren wani malami yana iya ɗauke da lambobin GPS da suke nuna ƙofar gidansa, ga kuma sunansa a sharhi. Idan aka tura shi ga mujalla ko aka ɗora a intanet, an bayyana inda littattafai masu daraja suke ba da sanin mai su ba. Saboda haka ya dace a raba taska biyu: ta asali mai cikakken bayani wadda take hannun manazarci, da kwafin rabawa wanda aka cire masa wuri da sunayen da ba a ba da izinin yaɗawa ba. Sharuɗɗan izinin su ma a rubuta su a gurbin haƙƙin mallaka na XMP, domin wanda zai gaji taskar ya san iyakarsa.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa bayanan rakiya suna zama a jikin fayil, ko a fayil maƙwabci, ko a rumbun manhaja, kuma na ukun ne yake salwanta idan aka sauya babbar manhaja. Ta nuna yadda adireshi da kwanan wata da haruffan Hausa suke jawo asarar da ba a lura da ita nan take. Abin da ya rage ga sassan nazarin Hausa shi ne su amince da tsari guda na sunayen fayiloli da rubutun laƙabobi, su kuma nemi ɗaliban da suka yi aikin fage su miƙa hotunansu tare da jadawalin bayani lokacin miƙa kundin digiri. Manazarcin da ya saba rubuta bayanansa a XMP tun ranar da ya dawo daga fage, ya kuma ajiye jadawalinsu a gefe, ba zai rasa sunan mai littafi ko jerin warƙoƙinsa ba duk ranar da ya sauya kwamfuta.